Buhu Biyu a Jikin Bango

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina awo a kasuwar Gwagwalada kafin gwiwa ta zaunar da ni. Wake, masara, dawa, gero, duk sun bi ta hannuna. Ban taɓa shiga aji ba, ban san harafi ko ɗaya ba, amma in ka jingine buhu a can nesa zan gaya maka mudu nawa ne a cikinsa, kuma da wuya in kuskure da fiye da biyu. Da ciwon ya matsa, 'yata ta fari ta ɗauko ni ta kawo ni gidanta a Lugbe. Tana aiki a wani ofishin gwamnati da ke kula da harkar noma. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ba kuma a nan zan fara ba, duk da ita ce take rubuta wannan da nake faɗa. Na gargaɗe ta kada ta gyara ko kalma ɗaya, har wuraren da ba su yi mata daɗi ba.

A gidan nan ba ni da aiki sai kallo. Kujerata tana falo kusa da taga. Daga nan ina ganin ƙofa, ina ganin kicin, ina ganin teburin cin abinci wanda ba a cin abinci a kansa saboda kwamfutarta ta mamaye shi. Duk ranar Asabar in an karya sai ta zauna ta hau yin abin da take kira silaid. Silaid, yadda na gane shi, shafi ne da ake haskawa a jikin bango, mutum ya tsaya a gefe yana bayani, in ya gama da wannan ya danna na gaba ya fito. A cikinsu akwai zane-zanen da ta ce lissafi suke nunawa: wani layi ya hau, wani ya gangara, wasu sanduna a tsaye dogo da gajere, wani kuma zagayayye kamar faifai an yanka shi gida-gida.

Aikin da ke hannunta a lokacin na buhun ajiyar wake ne. Buhu ne mai leda biyu a ciki. In ka zuba wake ka ɗaure kowace leda da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su mutu, ba sai ka zuba maganin nan mai wari ba. Tun bayan girbi ta gwada: ta ajiye wake a irin wannan, ta ajiye wani a buhun da muka saba da shi, watanni suka wuce ta buɗe wasu ta ga bambanci. Shi ne aiki na farko da aka ba ta ta riƙe da kanta. Sai ga labari cewa ogansu, daraktan sashen, yana so ya rufe aikin ya mayar da ita wani tebur inda ba ta da abin yi sai karɓar takardu tana buga musu tambari. An ba ta rana ɗaya ta tsaya a gabansa ta nuna dalilin da zai sa a bar ta ta ci gaba.

Asabar ɗin da ta gabaci ranar, ta jona kwamfutar da talabijin ta tsaya a gabana.

"Mama, ki zama oga. Zan yi miki yadda zan yi masa."

"Da Turanci?"

"Zan riƙa fassara miki."

Na gyara ɗankwali, na harɗe hannu. Ta fara. Ta fara da tarihin noman wake, ta shiga tarihin ƙwari, ta nuna min sunansu na Turanci har da na wani yaren da ta ce ya girmi Turanci. Ina jan carbi ina ƙirga shafukan, har na wuce talatin. Wani zanen ya fito mai layuka kala-kala a cukurkuɗe, kamar taliya ta zube daga tukunya.

"Wannan fa?"

"Danshin wake yake nunawa, wata bayan wata, a buhu shida."

"Ke kin gane shi?"

"Ni fa na zana shi, Mama."

"To shi ya sa."

Ta juya ta kalli zanen. Na ce mata, "Me kike so mutumin nan ya yi miki?"

"Ya bar aikin ya ci gaba."

"A shafi na nawa kika gaya masa haka?"

Ta duba kwamfutar. "Na ƙarshe."

Sau ɗaya na taɓa ganin ogan nan, a walimar auren 'yar wani abokin aikinsu a Gwarinpa, kuma sau ɗayan ya ishe ni. An kawo masa shinkafa da nama a sama. Ya cinye naman, ya yi cokali biyu na shinkafa, wayarsa ta yi ƙara, ya tashi, bai dawo ba. Na ba ta wannan labari, na ce, "Mutumin da ya yi wa shinkafar biki haka, shi kike zaton zai zauna ya jira shafi na talatin da ɗaya? Ki sa naman a sama."

Ta yi dariya har sai da ta zauna a hannun kujera. Da dariyar ta wuce sai ƙorafi ya biyo baya, wai aikin watanni ne, wai kowane layi a taliyar nan ta sha wahala a kansa. Na ce ban ce ta zubar da shinkafar ba. A ofishin nan dole akwai masu cin shinkafa, irin waɗanda za su so su san danshin buhu na huɗu a wata na uku. Ta buga musu a takarda ta miƙa musu, su je su zauna su ci a hankali. Shi kuwa oga, a ba shi abin da zai iya haɗiyewa kafin waya ta kira shi.

Ta rage shafukan zuwa huɗu. Na farko ya faɗi abin da take roƙo. Na biyu sanda biyu ne kawai, doguwa da gajeriya, kowace da lambarta a ka, a sama kuma magana ɗaya da ke faɗin abin da sandunan suke nufi. Wannan ko ni na gane shi daga kujerata.

Ranar da ta je gaban oga, ta dawo da fara'a rabi. Oga ya kalli na farko, ya kalli na biyu, ya yi tambaya biyu, waya ta yi ƙara. Amma kafin ya tashi ya ce ya ga abin yana aiki a sito, saura ya san ko manoma suna so. Akwai ƙungiyar mata manoma a Yangoji. Ta je ta nuna musu. In sun yarda za su gwada, aiki ya ci gaba. In ba su yarda ba, teburin tambari yana jiran ta.

Sai ta hau yin sababbin silaid na mata. Wannan karon da ƙarfin gwiwa ta yi, tana ganin ta riga ta koyi darasin. Ta cire Turanci, ta cire lambobi, ta sa hotuna. Ta gayyato abokiyar aikinta su nuna min tare. Abokiyar 'yar Filato ce, Kirista, mai ƙatuwar dariya, Hausarta irin ta Abuja, mace ta zama namiji, namiji ya zama mace, ba ruwanta. Ina son ta, don ba ta taɓa shigo min falo da takalmi ba, kuma har ƙasa take gaishe ni.

Shafi na uku ya fito. Buhu biyu ne, ɗaya ɗan ƙarami a hagu, ɗaya ƙato a dama.

"Wannan ƙaton na waye?" na ce.

"Shi ne sabon buhun namu."

"Ashe ya fi namu girma."

"A'a, Mama, girmansu ɗaya. A hoto ne kawai na ƙara masa girma, don a gane waken kirki ya fi yawa a cikinsa bayan an ajiye."

"To ai ƙarya kika zana."

Suka kalli juna. Sai na zaunar da su na gaya musu abin da duk wadda ta taɓa sayar da amfanin gona ta sani. Bayan girbi masu saye sukan shiga ƙauyuka da manyan motoci, kuma da buhunansu suke zuwa. Buhun nasu an yi masa ƙari a baki, an ɗinka masa wani ƙyalle, wani ma an buɗa cikinsa. A wajen ciniki buhu buhu ne, kuɗinsa ɗaya. Mace ta yi ta zubawa, ta yi ta zubawa, yana haɗiyewa, sai ya shanye buhunta guda da rabin wani sannan ya cika. Daga Kwali har Abaji babu macen da ba ta san buhun nan ba. Ni kaina na sha faɗa a kansa har muryata ta dishe. Yanzu ga 'yar gwamnati za ta zo da mota, ta ce ta kawo sabon buhu, ta haska shi a bango ya ninka na matan biyu.

Abokiyar ta ce, "Mama, ai hoto ne kawai. Babba yana nufin da yawa, kowa ta san wannan."

'Yata ta ce, "Mama, a kan oga kin yi daidai, ban musa ba. Amma wannan na karanta yadda ake yin sa. Mutanen da ba su yi karatu ba, hoto ake nuna musu."

"Ni ce mutanen da ba su yi karatu ba," na ce. "Ga ni a gabanki. Kin nuna min hoto, na gaya miki abin da na gani."

Ta ce za ta duba. Ba ta duba ba. Na sani, domin daga kujerata ina ganin fuskar kwamfutar, kuma har ranar Juma'a ƙaton buhun nan yana nan ya cika rabin shafi. Na ƙara mata da cewa majigin ma da take shirin ɗauka, na'urar da ke haska hoton, ta bar shi a gida, matan ƙauye ba su da abin yi da shi. Wannan ma ba ta ji ba.

Sai na ce zan bi su. Na ce ina so in ga hanya, in sayo doya a dawowa. A jakata na sa tsohon muduna na awo, da faifai biyu, na naɗe tabarma na sa direba ya saka a but ɗin mota. A but ɗin na ga ta riga ta sa buhu biyu daga cikin waɗanda ta gwada, tsoho da sabo, ba a buɗe su ba. Ta ce a ƙarshen bayani za ta nuna su, in lokaci ya bari.

Da safe muka tashi. Muka wuce Giri, muka shiga Gwagwalada. Na leƙa ta taga ina neman inda rumfata take a da, na ga an yi shagon gyaran waya a wurin. Muka wuce Kwali, rana ba ta yi zafi sosai ba muka isa Yangoji. A wani ajin makaranta aka yi taron, da yake Asabar ce. Aka rataya zannuwa a tagogi don haske ya ragu, aka kafa farin zanen gado a allo, aka tada janareta a waje. Mata sun kai arba'in, yawanci Gbagyi, da wasu Hausawa da Fulani kaɗan. A gaba shugabarsu ce, tsohuwa sa'ata, ta zo da 'yar kujerarta daga gida don ba ta yarda da bencin yara ba. Ta kalle ni, na kalle ta. Muka gaisa a taƙaice. Kowace ta gane irin wadda take kallo.

'Yata ta fara da kyau. Ta gaishe su yadda ya kamata, ta tambayi gona, ta nuna hoton wake da ƙwari suka huda, mata suka yi ta gyaɗa kai. Sai ta danna, buhu biyun suka bayyana.

Mata suka zuba musu ido. Can sai gunaguni ya tashi daga baya, da yarensu. Shugabar ta ɗaga hannu.

"Yarinya, tsaya. Wannan babban, shi ne kin kawo mana?"

"Shi ne, Mama."

"To mun san shi. Kowace shekara da mota yake zuwa. Yanzu gwamnati ma ya shiga sana'ar?"

Aka yi dariya, ba irin wadda ake so ba. Wata a baya ta tashi ta gyara goyo ta nufi ƙofa, biyu suka bi ta. Abokiyar ta miƙe tana cewa hoto ne kawai, hoto ne kawai, babu mai jin ta. 'Yata ta juyo ta kalle ni. Ina da maganar da ta dace da wannan kallo, amma na ajiye ta sai mota. Na sa ƙafa na tura mata jakata. Ta buɗe, ta ga mudu.

Ta kashe majigin. Ta ce, "Iyayena, ku gafarce ni. Hoton nan kuskurena ne. Don Allah ku fito waje ku ga buhun da idonku, in ya fi naku girma ko da ɗan yatsa ne, ku kore ni."

Wannan ya tsayar da na bakin ƙofa. Aka fita gindin wani mangwaro, direba ya sauke buhunan ya jingine su kusa da juna. Shugabar ba ta yarda da ido ba. Ta kwance igiyar da ta ɗaure zanenta da ita, ta auna tsayin wannan, ta auna na wancan, ta zagaya cikinsu, ta duba bakin sabon ko akwai ɗinki. Girmansu ɗaya, babu ɗinki. Sannan ta karɓi mudun daga hannun 'yata, ta kifa shi, ta ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa. Masu awon da ba su tsoron Allah sukan buga gindin mudu ya shige ciki don ya rage abin da yake ɗauka, ko su turo shi waje in su ne masu saye.

"Na wa ne?" ta ce.

"Nawa ne," na ce.

"A ina kika yi awo?"

"Gwagwalada."

"Hmm. 'Yan Gwagwalada."

"Ke dai duba gindinsa da kyau, kada ki je kina ba da labari."

Ta sake dubawa, ta ɗan murmusa, ta ce a buɗe.

Da aka kwance tsohon buhun, ƙwari suka yi sama, gari-gari ya biyo hannu. Da aka kwance sabon, leda bayan leda, waken ya fito yana ƙyalli kamar jiya aka sussuke shi. 'Yata ta shimfiɗa tabarmata ta ce shugabar ta auna da hannunta, mudu biyar daga wannan, biyar daga wancan, kada ma'aikacin gwamnati ya taɓa. Mata suka rabu gida biyu, kowane gida da faifai ɗaya, suka zauna tsinta, suna ware mai huji daga mai lafiya. Hira ta ɓarke, har waɗanda suka so tafiya suka tsuguna. Duk mudu ɗaya na mai lafiya da ya cika, shugabar ta juye shi a tabarma, 'yata kuma ta tsaya a kan cewa tsibin farko na kowane layi ya fara daga baki ɗaya na tabarmar, sauran su biyo shi a jere, tazara ɗaya.

Da aka gama, layin sabon buhu ya miƙe har kusan ƙarshen tabarma. Na tsohon ya tsaya a hanya, bai kai rabi sosai ba. Babu wanda ya yi bayani. Mata suka tsaya a kai suna nunawa da baki, suna ƙirgawa da yarensu.

Abokiyar ta raɗa min, "Mama, wannan ai sanda biyun da muka nuna wa oga ne. Sai dai wannan ana iya dafa shi."

Shugabar ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga dogon layin ta ciza, ta ɗebi wasu ta shinshina ko akwai magani. Sannan ta ce a nuna musu yadda ake ɗaurewa. 'Yata ta tsuguna tana gwadawa, amma kai arba'in ba sa iya ganin hannu biyu. Na baya suka fara turereniya. Sai shugabar ta ce, "Wannan abin naki na bango, babu ɗaurin a ciki?"

Akwai. Aka koma aji, aka sake tada janareta. 'Yata ta tsallake buhu biyun da sauri, aka yi dariya, wannan karon mai daɗi. Sai hannaye suka fito a bango, manya-manya, ana matse iska, ana murɗa bakin leda, ana lanƙwasawa, ana ɗaurewa, hoto bayan hoto. Har ta ƙarshen benci tana gani. Sau uku suka sa ta maimaita. Ni da na ce a bar majigi a gida ina zaune ina kallo. A nan ban yi daidai ba, kuma na ce ta rubuta haka, sau ɗaya, kada ta ƙara.

Shugabar ta miƙe ta ce ita za ta fara gwadawa da wakenta a girbi mai zuwa, duk mai so ta ɗaga hannu. Ban ƙirga hannayen ba. Na ga dai abokiyar tana ta juya takarda tana neman inda za ta ƙara suna. Waken da aka tsince aka raba musu. Kafin a kwashe, 'yata ta hau kan benci ta ɗauki hoton tabarmar daga sama.

A mota na yi haƙuri har muka wuce Kwali. Sannan na ce, "Na gaya miki."

"Kin gaya min, Mama." Ta bari muka ɗan yi gaba. "Majigin fa?"

Na ce wa direba ya tsaya, ga masu doya can.

Ranar Litinin hoton tabarmar ta sa a shafi na farko, sai takardar sunayen matan a na biyu. Babu na uku. Ta ce oga ya daɗe yana kallon layukan waken, waya ta yi ƙara ya kifa ta a tebur, ya tambayi tabarmar waye. Sannan ya ce aiki ya ci gaba, kuma a shirya zuwa Abaji.

Har yau duk Asabar tana kan teburin nan. Sai dai yanzu kafin ta taɓa kwamfuta takan zauna ta gaya min su waye za su kalla, me suke sayarwa, wa ya taɓa cutarsu, ni kuma in faɗi abin da na gani. Wani lokaci ta ji, wani lokaci ba ta ji ba. Muduna kuwa tun ranar Yangoji yana ofishinsu, wai ana buƙatarsa a tafiye-tafiye. Na ce ta riƙa kawo min shi duk ƙarshen wata ina duba gindinsa.